Dattijan Mata 'Yan Kasuwar Iware Da Batun Rage Wa Kai Kaya

Wanda duk ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari a ranar Talata, ba sai an gaya masa cewa ya iso Iware ba. Tun daga nesa zai fara cin karo da garkunan shanu ana kora su, ga manyan motoci jere a bakin titi suna jiran lodi, ga dillalai da fatake da mahauta da 'yan kamasho kowa yana ta kai da kawowa. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Ardo Kola ta Jihar Taraba, watau jihar da aka cire daga tsohuwar Gongola a shekarar 1991, kuma karar shanunsa tana cikin waɗanda suka fi suna a jihar baki ɗaya. Daga nan ake ɗora dabbobi a kai su biranen kudu.

Idan ana maganar wannan kasuwa, maganar maza ake yi, domin su ne ke riƙe da igiya da sanda. Amma dubban mutanen nan da ke taruwa ba iska suke sha su ƙoshi ba. A bayan karar da gefen titi akwai rumfunan masu tuwo da shinkafa, da masu ƙosai da waina, da matan Fulani da ƙoren fura da nono, da matan Mumuye da tulin doya, da masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa. Ƙabilu daban-daban ne, Musulmi da Kirista, amma da Hausa ake ciniki. To, a cikinsu akwai waɗanda suka ba shekara hamsin da biyar ko sittin baya, waɗanda suka aurar da 'ya'ya, da yawansu kuma mazansu sun riga mu gidan gaskiya. Yawancinsu jikoki suke riƙo, kuma daga tukunyar nan tasu kuɗin makaranta da na magani ke fitowa.

Aikin mai tuwo ba ranar kasuwa yake farawa ba. Tun ranar Litinin za ta auno masara, a surfa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, ta tanadi itace da ruwa da kayan miya. Kafin kiran sallar asuba ta hura wuta. Daga nan sai tuƙi da muciya a tukunyar da yaro zai iya ɓuya a cikinta, sai kwasa, sai zaman rumfa cikin hayaƙi har la'asar sakaliya, sa'an nan wanke-wanke da bin waɗanda suka ci ba su biya ba. Mace 'yar shekara talatin za ta yi wannan ta kwana ta tashi garau. 'Yar sittin kuwa sai ta yi kwana biyu tana jinyar baya da gwiwa, kafin ta warware wata Litinin ɗin ta zagayo. Ba ta da fansho kamar ma'aikacin gwamnati. An dai ƙaddamar da wani shirin fansho na masu ƙananan sana'o'i a shekarar 2019, amma shiri ne na mai sauran shekarun tarawa a gabansa. Fanshon wannan baiwar Allah shi ne jarinta da ƙarfin jikinta, kuma duk wanda ya fara ƙarewa a cikin biyun nan zai ja ɗayan su tafi tare.

Da can akwai kaɗi

Ba haka tsufan mata ya kasance a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba tun asali. A zamanin kakanni, idan mace ta manyanta akwai sana'ar da ke jiranta, watau kaɗi. Tana zaune a inuwa da mazarinta da allinta da abdugarta, tana hira tana murza zare, masaƙa kuma suna jiran abin da ta kaɗa. Sana'a ce wadda ba wuta, ba ɗaukar kaya, ba tashin dare. Da zaren masana'anta da yadin kanti suka cika kasuwa, musamman bayan da masaƙar Kaduna ta fara aiki a shekarar 1957, sai kaɗi ya yi ta ja da baya har ya kusa zama labari. Abin da ya rage wa tsofaffi sai sana'o'in wuta da na turmi, waɗanda a da ƙarfafan mata ne ke yin su.

Akwai kuma abu na biyu da ya sāke. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a shekarar 1969 cewa akwai wata babbar kasuwa ɓoyayya a cikin gidajen Hausawa, wadda mata ke ci ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wata kuma daga Amurka, Enid Schildkrout, da ta yi bincike a birnin Kano daga shekarar 1976, ta nuna cewa ƙafafun wannan kasuwa yara ne, domin su ke talla, su ke sayo kaya, su ke karɓo kuɗi. A wannan shekarar ce kuwa aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Ba mai hankalin da zai yi baƙin cikin zuwan yara makaranta, kuma duk wanda ya san abin da ke samun 'yan mata masu talla a tashoshin mota da kasuwannin shanu ba zai so a koma gidan jiya ba. Sai dai aikin da yaran nan suke yi bai ɓace ba, kan tsohuwa ya komo. Ita ce mai dafawa, ita ce mai kaiwa, ita ce mai bin bashi.

Saboda haka idan aka ga dattijuwa ta galabaita a kan sana'a, ba lalle ne sana'ar ce ta yi mata yawa ba. Sau da yawa tarkacen da suka maƙale wa sana'ar ne, waɗanda ta ɗauko tun tana da ƙarfi, ta saba da su har ta daina ganinsu.

Na farkonsu shi ne haɗa sana'a barkatai. Da safe koko da ƙosai, da rana tuwo, ga tiren goro da magi da gishiri a zaure, ga gyaɗa ana soyawa don matsar mai, ga 'yan kunnen da aka ba ta dillanci. Dalilin yin haka a bayyane yake, tun da wanda ya taɓa ganin ranar da kasuwa ta ƙi, ba ya son dogara da abu guda. Mutanen Iware kuwa sun ga irin waɗannan ranaku. Sun ga tashin bam a wata mashaya a garin a ran 19 ga Afrilu 2022, wanda ya ci rayuka. Sun ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, sun ga tsadar mota bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekarar, sa'an nan a watan Agustan 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan wannan hanya ta Wukari, manyan motoci suka koma zagaye. Duk da haka, taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Kuɗin sana'o'in nan duka lalita ɗaya suke shiga, don haka mai su ba ta taɓa sanin wacce ke kawo riba, wacce kuma ke cin ribar 'yar'uwarta. Matan da suka yi dabara su ne waɗanda suka ware wa kowace sana'a gwangwaninta na 'yan makonni, ba a ɗiba a nan a zuba a can. Ba a buƙatar ilimin boko kafin a yi wannan. Gwangwanin da ya ƙi cika shi ke nuna sana'ar da za a sallama, kuma sau da yawa sai a tarar ita ce wadda ta fi cin itace da barci.

Bashi da kunya

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. A kasuwar shanu kuwa ya fi yawa, domin yaran mota da 'yan kora da masu lodi ba sa samun kuɗinsu sai ciniki ya faɗa da yamma, alhali yunwa tun hantsi take kama su. Sai a zo a ce, Inna a zuba mini, in an sallame mu zan kawo. Kalmar nan ta Inna ko Iya ita ce tarkon. Wanda ya kira mace uwa ya ɗaure mata hannu, ba ta iya hana shi abinci, ba ta kuma iya tsare shi a gaban mutane ta ce ya biya. Da magariba motarsa ta ɗaga zuwa kudu, wataƙila sai bayan wata guda a sāke ganinsa, wataƙila kuma shi ke nan.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce a kowane kwanon tuwo kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa uwar kuɗi ce, kashi ɗaya ne riba. Kwano guda da aka ci ba a biya ba ya tafi da ribar kwano huɗu da aka sayar. Idan mutum biyar suka yi mata haka a yini, to tuƙin kwano ashirin ya zama aikin banza, ga gwiwar da za ta ƙara kashewa wajen zagaya kara tana cigiyar masu bashi.

Hana bashi ɗungum ba ya yiwuwa a irin wannan kasuwa, wadda ta gwada za ta rasa masu saye. Abin da gogaggun mata ke yi shi ne su mai da bashin kan wanda ba ya gudu. Ba a ba yaron mota, sai dai a ba dillali ko mai masaukin da ya tsaya masa, shi ne mazaunin gari, shi ne mai sunan da zai ɓaci. Sa'an nan su raba sadaka da ciniki. Wadda ta yi niyyar ciyar da almajiri ko gajiyayye, sai ta ware kwano biyu ko uku tun da safe ta san don Allah ta bayar, ta sami ladanta cikakke. Wannan ya fi a ci da sunan bashi, ita ba ta sami kuɗi ba, ba ta kuma yi niyyar sadaka ba, sai ɓacin rai.

Biki

Wannan shi ne wuri mai wuyar taɓawa, domin ya haɗu da zumunci. Al'adar biki tsakanin ƙawaye tsohuwa ce ƙwarai. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayani mai yawa a kan ƙawance da hidimar aure da suna a zamaninta. Asalin abin taimakon juna ne, yau gare ki gobe ga ƙawarki. Amma a wurare da yawa ƙa'idar ita ce a ninka. Wadda aka kawo wa naira 2,000 za ta mai da 4,000, a dawo mata da 8,000, ta kai 16,000, kafin a ankara abin ya fi ƙarfin ribar wata guda. Ga kuma anko, wanda kowane biki da nasa launin atamfa, ga kuɗin mota zuwa Mutum Biyu ko Sunkani ko Jalingo, ga ranar da aka rufe rumfa.

Ga mace mai 'ya'ya mata a gabanta, biki wani irin asusu ne, abin da ta zuba zai dawo ranar da za ta yi kayan ɗaki. Amma wadda ta riga ta aurar da autarta fa? Ita zubawa kawai take yi a rijiyar da ba za ta sāke ɗiba ba, kuma daga jari take cirowa. Tsoron kada a ce ta yi rowa, ko a ce ta karye, shi ke sa ta ci gaba. A nan ne shekaru suke da amfani, domin akwai maganar da yarinya ba ta isa ta faɗa ba amma dattijuwa ta isa. Idan babbar mace ta tara ƙawayenta ta ce daga yau a daina ninki, kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa, ko ta ce ita ta yafe abin da take bi a kuma yafe mata, ba mai yi mata kallon marowaciya, hasali ma da yawa a cikinsu jira suke wata ta fara. Zuwanta wurin biki da sa albarkarta sun fi turmin atamfa daraja a wurin masu hankali. Malamai a wa'azi da shugabannin zumuntar mata a coci-coci sun daɗe suna kira a rage almubazzaranci a bukukuwa, sai dai kiran ya fi shiga idan daga bakin wadda ke cikin da'irar ya fito.

Ta fuskar jiki kuwa, maganar a taƙaice take. Injin niƙa da na markaɗe sun daɗe da isa ƙauyuka, har da na murza gyaɗa, kuma kuɗin da za a ba mai inji ko mai ga-ruwa bai kai na kemis ba. Akwai tsofaffin da ke cewa garin turmi ya fi daɗi, to ko da haka ne, direban da ke sauri bai biya kuɗin bambancin ba. Hayaƙi ne babban mugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Murhu mai tsimin itace, ko ɗaga tukunya a kan gini yadda ba sai an sunkuya ba, ko buɗe wa rumfa mafitar hayaƙi, duk ba su da tsada. Abin da ya fi ban tsoro shi ne al'adar haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo kowace ranar kasuwa don a iya tsayuwa, a bi da goro don a kori barci. Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan irin waɗannan magunguna yana cin ciki yana kuma lalata ƙoda, balle ga mai hawan jini.

Akwati mai kwaɗo uku

Adashi ya raya mata da yawa, amma shi ma yana da nasa nauyi, musamman ga wadda aka ɗora wa zama uwar adashi, kuma galibi dattijuwa ake ɗora wa saboda amana. Ita ce mai bin gida gida karɓar zubi, ita ce mai kwana da kuɗin mutane a ƙarƙashin matashi, idan kuwa wata ta kwasa ta daina zubi, daga jarinta za ta cike don kare mutuncinta. Akwai kuma masu shiga adashi uku ko huɗu a lokaci guda, su ɗauki wannan su zuba a wancan.

A wannan fanni akwai abin koyi daga maƙwabta. A shekarar 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da matan karkara wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin da biyar zuwa talatin ke haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ta kawo zubinta a gaban kowa, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan kuma suna hannun mata uku daban-daban. Mai bukata ta karɓi rance na ɗan lokaci, idan zagaye ya cika a buɗe akwati a raba. Ƙungiyoyin farko ko littafi ba su riƙe ba, tun da zubin kowa daidai yake, da ka ake riƙe lissafi. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, har da Nijeriya. Batun ƙarin da ake biya a kan rancen abu ne da mata Musulmi suke da haƙƙin tambayar malamai a kansa, kuma akwai ƙungiyoyin da suka tsara nasu ba tare da kuɗin ruwa ba. Amfaninsa ga dattijuwa shi ne, ba ta bin kowa, ba ta kwana da kuɗin kowa, kuma idan wata ta ƙi biya, jama'a ce ke bin ta ba ita kaɗai ba.

Gwamnatoci sun sha zuwa da shirye-shirye, tun daga na kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987 har zuwa rancen naira 10,000 na TraderMoni a 2018. Kusan dukansu ƙara wa mace jari suke nufi don ta ƙara aiki. Wadda ta kai sittin ba ƙarin aiki take nema ba. Famfo kusa da rumfunan abinci, da rumfa mai rufin kwano, da makewayi, da ma'aikacin lafiya mai awon jini ranar kasuwa, sun fi mata rancen da za ta kwana tana tunaninsa. Kasuwar da ake karɓar haraji a kan kowace dabbar da ta shige ta ba ta rasa abin yin waɗannan.

Miƙa muciya

Abin da ya fi yi wa irin waɗannan mata wuya shi ne sakin muciya. Wadda ta shekara talatin ba wanda ya ɗanɗana mata gishirin miya, ba ta yarda cewa suruka ko 'yar riƙo za ta iya ba, kuma a ƙasan zuciyarta akwai tsoron cewa ranar da ta saki tukunya ta zama abin tausayi a gidan. Tsoron nan ba na banza ba ne, an ga tsofaffin da suka miƙa kome da kome, bayan shekara guda suna roƙon kuɗin sabulu.

Amma sana'a kashi biyu ce, akwai ta ƙarfi akwai ta sani. Tuƙi da ɗaukar ruwa da faskare na masu jini a jika ne. Sanin lokacin da masara ke araha da kaka a saya a ajiye, da sanin mudun da aka bubbuge gindinsa, da gane dillalin da ke cika alkawari, da fuskar da direbobi suka sani tun suna yaran mota, waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. Matan da suka sauka lafiya su ne waɗanda suka miƙa kashi na farko suka riƙe na biyu. Tana zaune a bakin rumfa a kan kujera, ita ke sayen kaya, ita ke karɓar kuɗi, mai tuƙi kuma tana da rabonta sananne a kowace kasuwa, ba aikin a-taimaka-wa-Inna ba, domin aikin da ba lada ba ya daɗewa kuma shi ke kawo ɗan hali. Idan kuɗi ta waya ake turowa, kamar yadda ya yawaita tun 2023, to asusun ya zama da sunanta, lambar sirri kuma kada ta zaga gida.

Waɗansu kuma sukan bar wuta gaba ɗaya su koma ajiyar hatsi, ko sayar da man gyaɗa da daddawar da wasu suka yi, ko kiwo. A garin da kara take bakin ƙofa, turke ɗan rago biyu ko uku bayan kaka a sayar gab da Babbar Salla sana'a ce da ake yi daga tsakar gida, ga dusa da harawa da ƙaiƙayi ba su da wuyar samu a ƙasar noma irin Ardo Kola. Ita ma tana da nata hatsari, akwai ciwon dabbobi akwai ɓarayi, shi ya sa masu yin ta ba sa zuba jarinsu duka a turke guda, sukan bar wani abu a buhu, wani a akwatin ƙungiya.